Ta Rufe Baki da Mayafi

Talata, 3 ga Maris 1863, da yamma

Tabitha Ormerod ta rufe bakinta da mayafi. Da wannan zan fara, don duk ranar da na ji zuciyata za ta yi sanyi in buɗe nan in karanta.

A ajin ɗinki muke, wanda coci ta buɗe mana tun da yaƙin Amurka ya tsayar da auduga, masaƙu suka rufe. Mu ɗinka riguna, a ba mu tikitin burodi da garin masara. Uwargida Thornber, mai zaɓen 'yan matan da za a kai Ostareliya aikatau, tana ƙaramin ɗakin nan mai ƙofar gilashi. An ɗauke ni, an ɗauki ƙanwata Dorcas. Tabitha aka ce ta jira, ko wata za ta fasa.

Duk wadda ta tashi a gaban injin saƙa da ido take jin magana. Ƙarar injuna ba ta barin kunne ya yi aiki, sai a motsa leɓe daga wannan bango a gane a wancan. Ko a coci haka muke gulmar hulunan matan masu kuɗi. Shi ya sa a wurinmu rufe baki zagi ne, ba a yi wa wadda aka raba burodi da ita. Tabitha ta shiga ɗakin, ta waiwayo ta ga ina kallo, ta ja mayafi har hanci.

Sai dai ta manta da bakin Uwargida. Su manya ba su san ana ganin maganarsu ba. Na ga ta ce, "Jini? Da idonki kika gani?" Can kuma ta ce, "Yayar ko ƙanwar?"

Laraba, da tsakar rana

Likita ya zo ya ɗora ɗan ƙahonsa na katako na sauraron ƙirji a bayan Dorcas, ya ce ta ja numfashi. Ta yi ƙoƙari, baiwar Allah, ta danne tarin har idonta ya kawo ruwa, amma ya ƙwace mata. An cire ta. Kafin mu naɗe kayan ɗinki an gaya wa Tabitha ta samu gurbi.

Jan hankicin da Dorcas ke tari a ciki don kada jinin ya nuna, Tabitha ce ta ba ta. A ɗakinmu, a kan gadonmu, mu uku muka ƙulla dabarar. Tsohon likitan unguwa ya taɓa ce mana iskar teku da zafin ranar Ostareliya suna warkar da irin wannan ƙirji, wanda tsotsar zare ta ramin ƙoshiyar saƙa ke jawo wa masu saƙa. Tun daga ranar ba mu da wata hira sai ta rana. Dorcas har cewa take za ta shanya kanta a kan igiya tare da wankin mutane.

Ni na koya wa Tabitha tsotsar ƙoshiya tana ƙaramar yarinya mai majina. Mahaifiyarmu kafin ta rasu ba ta taɓa zuba mana kunu ta hana ta ba. Da na sani da na bar injin ya cinye mata yatsu.

Alhamis

Ruwa ake yi. Dorcas ta ce kada in yi faɗa da kowa.

Asabar, 7 ga wata, da hantsi

Na je na roƙi Uwargida, har da durƙusawa, ni Keziah Duxbury da ban taɓa durƙusa wa ko manaja ba. Ta ce, "Ai ba asibiti muke aikawa can ba, 'yata. Masu wanki da girki suka nema." Ta ba ni alawa ɗaya in kai wa mara lafiya. Na jefa a kwata.

Na dawo na ce wa Dorcas ni ma na fasa tafiyar. Ta tashi zaune ta yi mini tas.

"Yaya, in kika fasa, ni da ke har abada. Ki je ki ga wurin, ki samo mini gida mai taga biyu, ni kuma in biyo jirgin baɗi."

Gwaggo Peg ta maƙwabta tana bakin murhu tana shan ɗumin gawayinmu kamar kullum. Ta ce ita dai ta ji an ce a can mutane a kife suke tafiya, ƙafa sama, don haka mu ɗaure siket da kyau. Dorcas ta yi dariya har tarin ya tashi. Ni ban yi ba.

Lahadi, bayan coci

Tabitha tana can ɗaya layin kujerun. Ana tsakiyar waƙa ta juyo ta ce da leɓe, "Kezi, ina son magana da ke." Na zuba ido a littafin waƙa har aka gama. Ko kalma ɗaya ban rera ba, ina ta lissafa irin cututtukan da ake kamawa a jirgin ruwa, ina zaɓar mata.

Talata, da yamma

Yau ɗan Sarauniya ya yi aure, aka raba mana burodi mai sukari. Dorcas ta ci rabi.

Alhamis, 12 ga wata, da yamma

Masaƙar bakin gada ta buɗe da audugar Indiya, gajeriyar nan mai datti da ke tsinkewa in ka kalle ta da ƙarfi. Da farar laka suke shafe zaren don ya yi ƙwari, ɗakin saƙa kamar an zazzage buhun gari. Masu rabon tikiti sun ce duk wadda aka kira aiki ta ƙi, ba burodi. An kira Dorcas.

Na je na ce a ba ni injunan a madadinta. Manaja ya ce ba ya ba da aiki ga masu shirin gudu daga ƙasa. Masu masaƙa ba sa son mu tafi, ba sa son ciyar da mu. So suke mu zauna a jingine a bayan ƙofa kamar tsintsiya, har ranar da suka buƙace mu.

Da safe na ji ƙarar takalminta na katako a kan dutsen titi, a hankali, tana tsayawa tana hutawa. Da yanzu tana ajin ɗinki a zaune kusa da murhu. Wannan ma na ɗora a kan Tabitha.

Asabar

Dorcas ta dawo fara fat, har gashin ido. Na wanke mata kai.

Talata, 17 ga wata, da yamma

Allah ba ya barci, yau na gani da hannuna.

An fara ɗinka mana rigunan tafiya, kuma da yake hannuna ya fi na kowa a allura, ni aka ba igiyar awo. Aka zo kan Tabitha. Ta tsaya a bayan labule tana kallon rufi. Na zagaya ƙugunta da igiya, sai na ji abu da tauri. Na danna da babban yatsa. Ƙyallen akoko ne ta naɗe cikinta da shi, tam, zagaye bisa zagaye. Na san ƙugun Tabitha kamar nawa, rigunan juna muke sawa tun muna yara. Wannan ba ƙugunta ba ne.

Ciki gare ta. Ba sai an gaya mini na wane ne ba, kowa ya ga yadda mai gyaran injunan layinmu yake daɗewa a wurinta, ga shi da mata da 'ya'ya. Ashe shi ya sa take rawar ƙafa ta bar gari. Dokar tafiyar kuwa a fili take: sai budurwa mai shaidar hali daga limamin coci. In aka sani, ba jirgi. Ubanta kuma na san shi, waje zai watso mata kaya, sai gidan gajiyayyu, inda ake aske mace a raba ta da abin da ta haifa.

Ta dube ni. Ba murya ta ce, "Don girman Allah, Kezi."

Na naɗe igiyata na ce da ƙarfi, "Wadda ke biye ta shigo."

Duk hanyar gida ji nake kamar an ba ni nama bayan dogon azumi. Ba zan faɗa yanzu ba. In na faɗa yanzu za ta sami lokacin kuka da neman dabara. Ranar tafiya, da akwati a hannu, tana jin ƙamshin hayaƙin jirgin ƙasa, ranar nake so.

Laraba

Na yi waƙa ina wanke tukunya. Gwaggo Peg ta leƙo ta ce ko na yi saurayi ne.

Asabar, 21 ga wata, da la'asar

Mata biyu suka riƙo Dorcas suka kawo ta gida. A gaban injin ta faɗi. Ba zan rubuta yadda gaban rigarta yake ba.

Litinin, da hantsi

Muryarta ta tafi gaba ɗaya, ciwon ya hau maƙogwaro. Amma bakin Dorcas bai mutu ba, surutu take yi kamar da, sai dai ka kalla. Limamin coci ya zo dubiya, ya ga leɓenta na motsi, ya sunkuyar da kai ya ce ga baiwar Allah tana addu'a. Ita kuwa ce mini take, "Yaya, dubi gashin hancinsa, za a iya saƙa safa da shi." Gwaggo Peg ta gani ita ma, ta fita da gudu tana tarin ƙarya.

Bayan ya tafi na ba ta labarin igiyar awo, don in faranta mata. Ba ta yi dariya ba. Ta kalle ni ta ce, "Wata nawa?" Na ce oho. Ta ce, "Yaya, ki bari..." Na tashi na ce shayi zai ƙone.

Na san Dorcas. Ko kyanwa ta sace mata kifi sai ta ce ai yunwa ce. Kuma na san kaina: abin da ta roƙe ni daga kan gadon nan, in na gani, ya zame mini dole. Don haka duk sanda sunan Tabitha ya fara fitowa a leɓenta sai in sami abin gyarawa a murhu.

Laraba

Ta sha ruwan romo cokali kaɗan. Ta ce in buɗe taga ko rana za ta shigo. Hayaƙi ne ya shigo.

Juma'a, 27 ga wata

Ba zan rubuta yau ba.

Asabar, da safe

Na ɗauko kofi biyu. Na mayar da ɗaya.

Litinin, 30 ga wata, da yamma

Mun dawo daga bayan coci, inda muka binne Dorcas. Ƙasar jiƙe take, ta manne a takalmin kowa. 'Yan layinmu na masaƙa duk sun zo, sun haɗa abin da ya sa ba a kai ta ramin gayya na gidan gajiyayyu ba. Na gode musu.

Tabitha ma ta zo. Ta shafa wa idonta toka ta tsaya a ɗaya gefen ramin, daidai inda ba yadda zan yi in ɗaga kai ban gan ta ba. Ana karatu ta ce da leɓe, "Na ga abin da Dorcas ta faɗa." Na mayar da idona kan ƙasa.

Talata, da tsakar rana

Bari in rubuta na ranar Juma'a, ko zai sauka daga ƙirjina.

Da hantsi ne. Ina zaune a bakin gado, aka taɓa ƙofa, sai ga Tabitha da ɗan tulun romo a hannu. Ba ta shigo ba, ta tsaya a bakin ƙofa. Na miƙe zan kore ta, Dorcas ta kama hannun rigata. Ban san tana da sauran wannan ƙarfin ba. Na duba, leɓenta ya buɗe, ta ce, "Yaya."

Na san abin da zai biyo baya. Ga Tabitha a tsaye, me kuma za ta ce in ba roƙo ba? Sai na kawar da kai, na kalli bango. Ina jin yatsunta suna jan rigata, tana ja, tana ja. Na ce a raina bari ta gama, ta gaji, sai in juyo in gyara mata matashi.

Da ta daina ja na juyo.

Tulun romon yana nan inda ya fashe a bakin ƙofa, ban share ba tukuna.

Laraba

Roƙo ne. Me zai zama in ba roƙo ba?

Alhamis, 2 ga Afrilu, da yamma

Gwaggo Peg ta zo ta share ƙofar ba tare da ta tambaye ni ba. Ta zauna ta ce Tabitha ta tare ta a wurin famfo, ta ba ta saƙo: in je, za ta gaya mini, kuma ba abin da nake zato ba ne.

Na ce ai ciniki take nema, ta sayar mini da maganar ƙanwata in biya ta da shiru.

Gwaggo ta ce, "Ke Kezi, taurin kanki ko guduma ta san da shi. Mutum biyu ne a ɗakin da ido, ɗaya ta kalli bango. Ki je ki karɓi kayanki tun ana ba ki, 'yar nan."

Na ce ta sha shayinta ta tafi. Ta sha, har kofi biyu, sannan ta tafi.

Juma'a

Ko maganar mahaifiyarmu ce? Ko wani abu ta ɓoye take so in ɗauka? Na ɗaga katifa, na duba aljihun rigarta. Jan hankici kawai.

Asabar, 4 ga wata, da la'asar

Na je. Ban gaya wa kowa ba, na ɗauki mayafi na bi ta bayan layi har ƙofar su Tabitha. Na yi niyyar in ce mata ta faɗa, ni kuma in yi shiru, kowa ya kama gabansa, in mun isa can kada ta ƙara nuna ta san ni. Har na ɗaga hannu zan ƙwanƙwasa.

Sai na hango ta taga akwatin tafiya a kan tebur, irin wanda kwamitin tafiyar ya ba kowace. An shafa masa sabon fenti an rubuta sunanta. Fentin bai yi kauri ba. A ƙarƙashinsa ana ganin sunan Dorcas, wanda ita da kanta ta rubuta da ɗan buroshi, harshe a waje, tana tambayata ko ya miƙe.

Na sauke hannuna na juyo gida.

Lahadin Ista

An yi wa'azi a kan yafiya. Na ji, da kunnena. Ta rufe bakinta da mayafi.

Litinin, da yamma

Na gama rigar Tabitha, ni aka ba ɗinkin. Na yi mata shi da kyau, ɗinki ƙanana, ba wanda zai ce na yi ha'inci. Na haɗa akwatina. Na ba Gwaggo Peg tukunya da kujerar da take so, ta yi kuka ta ce in na isa in aiko mata da labarin ko da gaske a kife suke.

Gobe in na gama da ita zan tambaye ta abin da Dorcas ta faɗa. Wadda ba ta da sauran abin karewa ba ta da dalilin riƙe magana.

Talata, 7 ga Afrilu, da rana, a cikin jirgin ƙasa

Jirgin na rawa, amma sai na rubuta.

An jera mu a ɗakin jira na tasha cikin sababbin riguna, Uwargida da wata ma'aikaciyar jinya suna bi suna duba kai da farce da haƙori. Iyaye da 'yan uwa sun cika ƙofa. Uban Tabitha yana nan da hularsa ta Lahadi. Da aka zo kanta aka duba aka wuce, na ga ta saki numfashi.

Na fito daga layi. Na cire mayafina gaba ɗaya na riƙe a hannu, don kowace 'yar masaƙa da ke wurin ta gani ko daga ina take tsaye. Na ce da murya, "Uwargida, ni na auna ta. A kwance ɗaurin da ke cikinta a gani."

Aka shiga da ita bayan labule, ba a daɗe ba. Uwargida ta fito fuska ja, ta ce a sauke akwatin. Ubanta ya sa hularsa ya fita, ko waiwaye.

Na ji daɗi. Kada wani ya ce ban ji ba. Ya sauka mini har tafin ƙafa, kamar ruwan zafi bayan an kwana cikin sanyi.

Na so in isa wurinta a lokacin, amma aka kora mu cikin jirgi aka rufe ƙofa. Na sami gefen taga. 'Yan matan duk sun matsa sun bar mini benci ni kaɗai, ko a jikina.

Sai ga ta ta fito kan dandamali, ba akwati, rigar da na ɗinka a buɗe ta baya. Ta bi tagogi ɗaya bayan ɗaya har ta same ni. Ba ta kuka. Injin yana huci, mutane na ihu, amma mu wannan bai taɓa hana mu magana ba. Ta tsaya daf da gilashi, ta buɗe baki a hankali, dalla-dalla, yadda na koya mata tana yarinya.

"Kezi. Ko sunana ba ta ambata ba. Maganarki ta yi. Cewa ta yi..."

Na manna goshina a gilashi. Ban taɓa kallon bakin mutum kamar yadda na kalli nata ba.

Ta ja mayafi ta rufe har hanci.

Ba shiru ta yi ba. Faɗa take yi, ina ganin ƙyallen yana motsi, idonta a cikin nawa. Na buga gilashin, na ja igiyar tagar, ta ƙi sauka. Jirgi ya motsa, ta biyo shi da ƙafa tana faɗa, har ƙarshen dandamali. Mayafin bai daina motsi ba har hayaƙi ya rufe ta.

Ashe maganar doguwa ce.